Sirrin Hadiyya a Wayoyin Batsari

Ranar kasuwar Batsari Armaya'u ya fara ganinta. Daga Safana ya zo neman mai sayen injin waldarsa, don wata uku ke nan ko ƙusa ba a kawo masa ba. Yana cikin zagaye sai ya ga wata rumfa an rataye jakunkuna masu baki na atamfa. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ashe buhun taki ne.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Wadda kake tambaya," in ji budurwar da ke kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sunanta Hadiyya. Da hira ta yi nisa ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ta tsayar da keken ta dube shi.

"In ka sayar da injin, gobe da me za ka tashi? Ni buhun da aka yar na tsinta. Kai da ke da wuta da ƙarfe?"

Bai sayar ba. Ya koma gida da injinsa, da jaka ɗaya, da lambar wayar da ke rubuce jikin rumfar.

Tun daga nan kowace safiya sai saƙonta ya shigo.

"Injiniya, ina kwana. Kada ka zauna jiran babban aiki. Gyara ƙofar maƙwabcinka kyauta, duk mai wucewa zai ga hannunka."

Ya gyara. Daga ƙofa aka kawo baro, daga baro aka kawo garma.

"Gwanata," ya rubuta mata, "ke kike tada ni kafin in tada inji. Allah ya bar mini ke."

Wata rana aka maido masa da wata babbar ƙofa da ya yi sati biyu yana yi, wai ta karkace. Ya ce mata shi kam ya gaji. Sai ta turo masa dogon saƙo.

"Zan faɗa maka abin da ko ƙawata ba ta sani ba. Da muka baro Runka, an kore shanun Baba, gona ta gagari zuwa. Shekara guda yana ɗaki, ko masallaci sai an lallashe shi. Na sha jin kukansa ta bayan ƙyaure. Rannan na aje masa almakashi da buhu na fita. Yau duk jakar da na ɗinka shi ya yanka ta, a cikin gida, ba wanda ya sani. In shi ya tashi, kai ma za ka tashi. Wannan amana ce."

Armaya'u ya tashi kuwa. Aiki ya buɗe, har samarin Safana suka fara tambayarsa sirrin abin. Sai ya buɗe zaure a waya yana tura masu saƙon murya na ƙarfafa gwiwa. Da fari labarinsa yake bayarwa. Da nasa ya ƙare, ya koma karanta kalmomin Hadiyya kamar daga kansa suka fito. Ta ji, abin ya ɗan sosa mata rai, amma ta haɗiye.

Yabo ya yi ta shigowa daga Karare har Katsina, ana ta neman ƙari. Ranar da ya rasa abin faɗa, sai ya buɗe dogon saƙon nan. Bai ambaci suna ba. Cewa kawai ya yi wani dattijo ne ɗan Runka mazaunin Batsari, wanda ɗiyarsa mai ɗinka jakar buhu ta tsamo shi daga kuka.

Sagiru, ɗan ƙanen babanta wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa, shi ya kunna muryar a majalisar dattawa bayan la'asar, baban Hadiyya, Malam Almustapha, na zaune.

Tsohon ya shigo gida a hankali, ya tsaya a kan ɗiyarsa.

"Hadiyya, kukana kika kai kasuwa?"

Ya miƙa mata wayar Sagiru. Ta kunna, sai ga muryar Armaya'u yana ba da labarin babanta.

"Ranar da aka kore shanuna ban ji kunya irin ta yau ba," in ji shi. "Yaron nan da kika ce iyayensa na tafe neman aurenki sati mai zuwa, ki gaya masa kada su wahalar da ƙafarsu."

Ya aje almakashin a kan tabarma ya shige ɗaki.

Armaya'u ya kira, ta ɗauka.

"Gwanata, wallahi ban faɗi suna ba."

"Dattawan Runka nawa ne a Batsari masu ɗiya mai ɗinka buhu?"

"Don in taimaki mutane na yi."

"Don a tafa maka ka yi."

Ta kashe, sannan ta rubuta masa: "Kalmomina ka ɗauka na yi shiru, don na ɗauka ni da kai ɗaya ne. Hawayen ubana ba nawa ba ne, kuskurena ne da na nuna maka. Kai kuma ka mai da su abin talla. Kada ka sake kirana."

Sagiru ya ga fili ya samu, ya fara sintiri da tsaraba. Ta tare shi a zaure.

"Yaya Sagiru, shi ya tona, kai ka yi shela. Cikinku ba wanda ya ji tausayin Baba. Koma da kayanka."

Wata biyu rumfarta a rufe. In ta zauna kan keke sai ta tuna wanda ke yanka mata buhun yana ɗaki saboda bakinta, sai ta tashi.

A Safana kuwa, Armaya'u ya tura murya ta ƙarshe. Ya ce rabin abin da suke yaba masa ba nasa ba ne, na wata baiwar Allah ce, kuma ya ci amanar wani dattijo don neman suna. Ya roƙi duk mai wancan saƙon ya goge. Sannan ya rufe zauren.

Sau biyu yana zuwa Batsari da kawunsa Mani, Malam Almustapha ya ƙi fitowa. A zuwa na uku suka tarar da shi zaune a ƙofar gida, almakashi a hannu, dattawa biyu daga ƙauyen Babban Duhu na kallon yadda yake yanka. Su ma an raba su da dabbobinsu ne, suka ji labarin, suka yi ta tambaya har suka gano gidan.

Armaya'u ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na zalunce ka. Ba ni da hujja."

Tsohon ya aje almakashin ya dube shi.

"Kada ka ɗauka zuwan mutanen nan ya wanke ka. Allah ne ya fitar da alheri daga ɓarnarka. Ni na yafe nawa. Nata kuma yana hannunta."

Nata ya fi daɗewa. Sai da aka yanke gero ta yarda ta fito zaure, ta zauna nesa da shi.

"Na yafe, Armaya'u, amma ban manta ba. Zan daɗe kafin in sake buɗe maka cikina."

"Zan jira, ko shekara nawa ne."

"In za ka sake yi wa mutane magana, ka faɗi abin da hannunka ya yi."

"Na yi alkawari, Gwanata."

Ta sunkuyar da kai. "Ban ce ka daina kirana haka ba."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Almustapha. Mutanen Runka da ke warwatse suka hallara, maƙeran Safana suka cika mota biyu. Da aka shafa fatiha, tsohon ya kama hannun angon, ya riƙe shi sosai.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya rufa maku asiri duniya da lahira."

Armaya'u ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Jama'a suka amsa da amin.