Akwati Mai Tambari Biyu

A unguwar Nakkasa ta da, a Makka, wadda yau ko gurbinta ba ka ganewa, zamanin da ake hawa dutse da garwar ruwa a kafaɗa, Inna Asiya, uwar Mariama, ta shimfiɗa zane a tsakar ɗaki ta ɗora abu ɗaya tak.

"Ga kayan ɗakinki, Mariama. Ba ni da langa, ba ni da tasa. Wanda ya tako daga Kano ta Sudan, me zai iso da shi in ba fason ƙafa ba?"

Akwati ne madaidaici, baƙi wuluk, sheƙinsa har kana ganin fuskarka, da tambari biyu na ruwan zinare a murfin. Wata tsohuwa 'yar tsibirin Jawa da Inna ta yi jinya bayan saukowa daga Arfa ce ta bar mata. Ta ce a Japan ake yinsa don 'ya'yan manya in za su ɗakin miji. Itace ne, a shafa masa ƙaron wata bishiya, a jira ya bushe, a sake shafawa, wata da watanni. Tambari ɗaya na gidan amarya ne, ɗaya na gidan ango, kuma akwatin ba ya son dirza.

Mariama ta rungume shi, amma tana tunanin yadda gidan ango za su karɓe shi. Mukhtaru take so, ɗan unguwar Tandabawi haifaffen Makka, uwarsa kuwa Hajiya Ɗaso ba ta taɓa ɓoye cewa 'yar Nakkasa ba sa'ar ɗanta ba ce. Ɗaso mace ce mai son a ce da ita, mai jeren kwanuka har rufin ɗaki.

Ranar jere aka kai akwatin gidan ango. Da 'yan jere suka watse, Hajiya ta leƙa, ta ja tsaki.

"Wannan baƙin akushin za a nuna wa mutane? Ko wankewa ba su yi ba!"

Ta ɗebo toka da soso, ta hau dirza kamar yadda take wa tasoshinta. Kafin ta farga tambari ɗaya ya tafi, sai karce fari fat.

Mukhtaru da kansa ya hau Nakkasa da labarin. Kabo, wan Mariama, ya miƙe tsaye.

"Halas, magana ta ƙare! An fasa! Yau akwati ta dirje, gobe ke za ta dirje!"

"Wallahi ba da gangan ba ne," in ji Mukhtaru, idonsa jajir. "Mariama, ina sonki. Amma in aka tozarta Ummi a gaban mata, har abada ba za ta sa mana albarka ba."

Mariama ta yi kuka kamar ranta zai fita, don duk abin da Inna ta mallaka a duniya ke nan. Da ta share hawaye ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Akwati ne ya karce, ba ni ba."

Aka ɗaura aure. Ranar buɗar kai ɗaki ya cika da matan Tandabawi, wata hala, wato goggo, mai bakin reza ta ɗaga akwatin sama.

"Ya salam! Kayan sarauta irin wannan, wace marar hankali ce ta lalata shi?"

Hajiya Ɗaso ta sunkuyar da kai. Amarya ba ta magana gaban suruka, amma sai ga murya ƙasa-ƙasa daga cikin lulluɓi.

"Bai lalace ba, Hala. Tambarin gidan angon wasu ne a wurin, mutanen da ba mu sani ba. Yanzu kuwa hannun gidan mijina ne a kai. Haka na fi sonsa."

Hajiya ta fashe da kuka. Ta tsallake mata ta kama hannun Mariama.

"Ni ce marar hankalin! Ki yafe mini, 'yata."

Da yamma ta sauke jeren kwanukanta da hannunta, ta sa aka kai ɗakin amarya.

An rushe gidajen, su Hajiya sun riga mu gidan gaskiya, akwatin yana nan a hannun jikoki. In suka tambayi karcen, Mariama takan ce musu aure irin akwatin nan ne: haƙuri ake shafawa, a jira, a sake shafawa. Wanda ya rufa asirin wani kuwa, Allah zai rufa nasa. Sai ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Allah ya jiƙan uwata Ɗaso."