Ranar Da Kafinta Bai Yi Fito Ba

Auta tana gugar farar rigarta ta aikin asibiti a kan teburin falo, mijinta kuma yana zaune a bakin taga yana fiƙe fensir da 'yar wuƙa, sai aka buga ƙofa kamar za a ɓalla ta.

"Ku buɗe! Arziki ne ya biyo ku har gida!"

"Yaya ne," in ji Auta, tana ajiye dutsen guga. "Shi kaɗai ke sallama da ƙafa."

Babban wanta ne, mai sayar da kayan mota, wanda ya riga ya mallaki gidaje biyu, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ko zama bai yi ba ya tura wa mijin ƙanwarsa waya a gaban hanci.

"Duba nan, Kafinta. Ɗaki huɗu, falo, ga tsakar gida. Mai shi ya rasu, magada so suke su rabu da shi. Kuɗin ma kunyar faɗa nake ji! Gyara kawai yake so, kai kuwa gyara sana'arka ce. Ka gyara da hannunka, ka zuba 'yan haya, ka zama landilodi. Biznes ke nan, ba wannan ƙwanƙwasa kujerun ba!"

"A ina gidan yake?" Auta ta tambaya.

"Tafiyar awa bakwai ce kawai."

"Kawai! Yaya, in famfo ya fashe, ta waya za mu toshe shi?"

"Ke dai tsaya a kan allurarki."

Kafinta yana ta jan hotuna da yatsa. Kwanon rufi ya yi tsatsa, silin ya zubo, gilasan taga sun farfashe. Sai ya zo kan ƙofofin. Tsofaffi ne, na katako mai nauyi irin wanda aka daina samu, an haɗa su gaɓa cikin gaɓa babu ƙusa ko ɗaya. Ya ƙara girman hoton, ya ƙara. Can sai ya fara fito a hankali.

Auta ta san wannan fiton. Shekara shida suna tare, kuma duk lokacin da katako ya kwanta masa a rai sai ya yi shi, gajere, hawa biyu da sauka ɗaya. Shi kansa bai san yana yi ba, ita kuma ba ta taɓa gaya masa ba, don kada ya daina.

A ƙarshen mako aka kai maganar gaban Baba. Mahaifin Auta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsari, wanda ya so 'yar autarsa ta auri mai ofis. Da ta kafe a kan mai zarto da guduma bai hana ba, amma bai taɓa sakin fuska ba. Cikin shekara shida "mijin Auta" yake ce masa, ko da kuwa yana zaune a gabansa.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe a kan hotunan. "Ni dai kango nake gani."

"Baba, a gafarce ni," in ji Kafinta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Rufi da silin tufafi ne, ana sake su. Amma wanda ya yi wa gida irin waɗannan ƙofofi bai yi ha'inci a ginin ba. Ƙashin gidan nan lafiya yake."

Baba ya cire tabarau ya dube shi, dubawa ta gaske.

"Ashe kana da ido, ɗana."

A hanyar komawa gida Auta ta jero damuwarta ɗaya bayan ɗaya. Wa zai karɓi haya? Wa zai san in ɗan haya ya gudu? Wata nawa zai yi a can yana gyara, ita tana nan? Shi kuwa yana tafe yana kallon ƙasa yana murmushi.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji, Maigida."

"Ɗana fa ya ce."

Sai ta haɗiye sauran maganarta. "To, mu je mu gani da ido. Ni ma zan bi ku."

Su uku suka tafi a motar Yaya. Gidan yana ƙarshen wani siririn layi, bayan wata masana'anta da aka rufe, kwata na bin gefen katanga. Wakilin magada yana jiransu da makulli a hannu ɗaya, takardu a ɗayan.

Kafinta ya wuce kowa ya nufi ƙofar farko. Ya shafa ta da tafin hannu, ya tura. Gindinta ya ja ƙasa da ƙara. Ya tsuguna, ya zura yatsa ta ƙarƙashi, ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ya tashi ya je ta biyu, ya ɗaga kai ya dubi samanta. Ya je ta uku. Sa'an nan ya tsaya a gaban wani bango da aka shafa wa sabon fenti mai kauri, shi kaɗai a duk gidan. Ya cire fensir daga bayan kunne ya sa a aljihu.

Auta tana tsaye a tsakar gida, kunnenta na wurinsa. Ƙofa bakwai ya duba. Ba ta ji komai ba.

"Yaya ka gani, oga?" in ji Yaya. "Ba na gaya maka ba? Nan ka sa 'yan makaranta, can ka sa mai iyali. Sa hannu mu kama hanya, Baba na jiran albishir!"

Wakilin ya shimfiɗa takarda a kan mota, ya miƙa biro. Kafinta ya karɓa. Ya dubi takardar, ya dubi Yaya. Auta ta ga bakin biron yana sauka kan takardar.

"Ni ban yarda ba," ta ce.

Duka suka juyo.

"Ba na son gidan. Ya yi nisa. Ba zan zauna ni kaɗai wata da watanni ba, kuma da gumina a cikin abin da za a saya da shi."

"Auta! Kina da hankali kuwa? Awa bakwai muka yi a hanya!" in ji Yaya.

"Sai mu yi bakwai mu koma."

"Kai kuma ka yi shiru? Mace ta tsinka ka a gaban baƙo?"

Kafinta ya mayar wa wakilin bironsa, bai ɗaga ido ba.

Yaya ya riga su isa wurin Baba da labari. Washegari da Auta ta je kai masa maganin hawan jini, kamar yadda take yi kowane mako, a tsaye ya tarbe ta.

"Mijinki ya ɗaga kai zai zama mutum, ke kin kamo rigarsa kin jawo shi ƙasa. Don me? Don kada ki kwana ke kaɗai? Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, shekara uku ta yi ina wani gari ina aiki, ban taɓa jin ta ce uffan ba. Ajiye maganin ki tafi. In ina son ganinki zan aika."

Ta riƙe kukanta har gida. Ta tarar da mijinta a shago, ya ɗora zarto a kan katako amma ba ya yanka.

"Me ya sa kika yi haka?" ya tambaya, da ya ga idonta.

"Ba ka yi fito ba."

"Ban yi me ba?"

"Fito. In katako ya yi maka, kana yi. Ka yi a kan hoto. A can ƙofa bakwai ka taɓa, ko sau ɗaya ba ka yi ba."

Ya ajiye zarton, ya zauna a kan benci. 

"Duk an rage su, Auta. Wata ta gindi, wata ta sama, kuma a karkace. Ba sau ɗaya ba, na ga sawun aski uku a ƙofar farko, tsoho da sabo. Ƙofa irin wannan ba ta lanƙwasa. In ta daina shiga gurbinta, to bango ne ke tafiya. Ƙasa tana cin gidan ta gefen kwata. Fentin nan tsaga aka rufe da shi." Ya rufe fuska da hannu. "Na gani tun ƙofar farko, kuma na karɓi biro. Da na sa iyalan mutane a ƙarƙashin rufin nan, ni ina nan nesa ina karɓar haya."

"Ai ba ka sa hannun ba."

"Bari in je in gaya wa Baba."

"A'a. Ni 'yarsa ce, fushinsa da ni zai huce. Kai shekara shida ka yi kana jiran kalma ɗaya. Bar ta a hannunka."

Ya kamata ya ƙi. Amma kalmar tana da daɗi, kuma bai taɓa samun irinta ba, don tun yana ƙarami ya rasa nasa mahaifin. Sai ya bar matarsa ta ɗauki kayan da ba nata ba.

Fushin Baba bai huce ba. Kowane mako Auta tana zuwa, ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta ajiye magani da 'yar takarda mai bayanin yadda za a sha, ta juya. Ba a amsa mata. Dangi suka ɗauka, ana cewa Auta ta mallake miji. Shi kuwa Kafinta in ya je sai a ba shi kujera, a yi masa jaje, Baba ya ce, "Ka yi haƙuri da ita, ɗana." Yakan dawo gida ya kasa cin abinci. Ita ce ma ke lallashinsa, tana cewa, "Ci mana, ko so kake a ce yunwa ma ina sa ka?" Sai ta shiga ɗaki ta daɗe tana gyaran gadon da ta riga ta gyara.

Wata biyu aka yi haka. Ran nan da hantsi Yaya ya kira Kafinta a waya, murya cike da murna.

"An gama, oga! Baba zai sayi gidan da kuɗin sallamarsa, kai za ka gyara. Ya ce tunda ɗansa ya ce ƙashin gidan lafiya, ba ya buƙatar injiniya. Gobe za mu je banki."

Kafinta bai ko kakkaɓe garin katakon jikinsa ba. Ya sami Baba a falo yana jera takardu cikin fayil, ya durƙusa a ƙasa, ya faɗi komai: ƙofofin, fentin, biron, da abin da Auta ta yi.

Baba ya rufe fayil ɗin a hankali.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ƙofar farko, Baba."

"Ka bar ni ina korar 'yata wata biyu?"

"Na bari."

"Saboda me?"

"Saboda kada ka janye abin da ka kira ni."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Tashi ka tafi," ya ce. Bai ƙara da "ɗana" ba.

Washegari Auta tana ɗakin awon jini a asibiti, layi ya kai har baranda. Ta sallami wata mai ciki, ta ce, "Na gaba!" ba tare da ta ɗaga kai ba. Aka ajiye kati a kan teburinta, sabo, an yanke shi da safen nan. Ta ga sunan, ta ɗago.

Baba ne, da rigarsa ta fita, ya yi awa biyu a kan benci cikin marasa lafiya, bai gaya wa kowa ko shi wane ne ba.

"Baba! Me ya faru? Ina ke maka ciwo?"

"Malama nas," ya ce, "na yi wa 'yata laifi. Ban san ko kuna da maganin wannan a nan ba."

Ta zagayo teburin ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗora hannu a kanta, shi ma bai ɓoye nasa hawayen ba. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta leƙo ta ce, "To, in an gama, mu ma muna da jini a jiki!" Suka yi dariya cikin kukan.

"Mijin naki fa," in ji Baba yana share ido, "ki ce masa ya zo ƙarshen mako. Ban gama fushi da shi ba. Amma mutumin da ya durƙusa ya tona kansa don kada in yi asara, ba zan bar shi a waje ba."

Ba a sayi gidan ba. Ko yana tsaye har yau ko ya faɗi, babu wanda ya koma ya gani. Yaya ya yi mako guda yana gunaguni, sa'an nan ya samo wani fili da ya rantse ya fi wancan arha.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Abin da ke nesa, hoto kawai kuke gani, kuma hoto yakan nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta riga ta so. Kada neman yabo ya sa ku sa hannu a kan abin da idonku ya ƙi. In kuma Allah ya haɗa ku da wanda ya san ku har ya gane shirunku, ya rufa muku asiri da mutuncinsa, to kada ku bar shi ya daɗe da kayan a kansa. Auta ta yi haƙuri, ta sami mahaifinta da mijinta duka. Amma wata biyun da ta yi tana gaisuwa a bakin ƙofa ba a amsa ba, babu wanda ya iya mayar mata da su, kuma mijinta bai taɓa mantawa ba.