Safiyar Da Gidanmu Bai Yi Hayaƙi Ba

"Sai yaushe kuma, Lamis? Ki faɗa min, sai yaushe?"

Nadim bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Muna bayan gidanmu, ni da gatari a hannu ina faskare, shi kuma ya cusa hannuwa a aljihun rigar sanyi yana ta kai-kawo.

"Ka bari sanyin nan ya wuce..."

"Bara ma haka kika ce! Sanyi ya wuce, kika ce a bari a tsinke tuffa. An tsinke tuffa, ga wani sanyin ya kawo kai."

"To in bar Baba ya mutu a ɗaki saboda zan yi aure?"

"Ni na ce haka?"

"Ba ka faɗa ba, amma abin da kake nufi ke nan!"

Ni dai bakina ya fi hankalina sauri, kowa a ƙauyenmu ya san da haka. Ina faɗa na ji kunya, don na san Nadim ba haka yake ba. Ya gyara mana gida a Tarabulus inda yake aiki, ya zuba kaya, har labule ya rataya yana jirana. Ni kuma tun rasuwar Mama nake riƙe da Baba. Yayana Ziyad yana Ostareliya, sai dai waya. Ƙirjin Baba ya lalace, ba ya iya ɗaga ko guntun icce, likita kuma ya ce hayaƙin sobiya, murhun ƙarfen da muke zuba wa itace a tsakiyar ɗaki, shi ke ƙara cinye shi. A kan duwatsun Akkar, wanda ba shi da mai hura masa wuta ba ya ganin ƙarshen hunturu.

Nadim ya tsaya, ya sassauta murya.

"Umma ta ce in ba a ɗaura kafin ƙanƙara ta narke ba, in haƙura da ke. Na gaji da kare ki a gabanta, rabin raina. Wallahi na gaji."

Gatarin ya suɓuce daga hannuna. Ina son mutumin nan, son da ke hana ni cin abinci idan wayarsa ba ta shiga ba.

"Me kake so in yi?"

"Ki bi ni garin Halba gobe. Akwai abin da nake so ki gani."

Washegari sai ga mu a shagon murhu. Mai shagon irin mutanen nan ne da ba sa haɗiye yawu in suna talla. Ya ɗebo wasu ƴan ƙwayoyi a tafin hannu, garin katako ne aka matse aka dunƙule.

"Ki zuba wannan ta sama, ƴar'uwa, ki danna nan, shi ke nan! Shi zai riƙa ciyar da kansa har gari ya waye."

"Wannan ai abincin kaji ne," in ji ni.

Nadim ya yi dariya, ni ko murmushi ban yi ba. Na zagaye murhunan nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen amarya. Wannan ya yi wa ɗakin Baba girma. Wancan fankarsa tana da ƙara, Baba zai ce an kawo masa injin niƙa. Wani kuma da waya ake sarrafa shi, alhali Baba ko kira ba ya ɗagawa sai ya ga dama.

"In aka ɗauke lantarki fa?"

"Zan haɗa shi da batirin solar gidanku," Nadim ya ce. "Na riga na auna, zai ɗauka."

"Buhun fa? Baba ba zai iya ɗagawa ba."

"Da ƙaramin kwano zai riƙa ɗiba, ranki ya daɗe."

"Tokar fa?"

"Ba ta fi cikin hannu ba."

Mai shago ya dubi Nadim cikin tausayi. "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa. Haka take tambaya a gida ma?"

A ƙarshe na tsaya a gaban wani madaidaici mai gilashi a gaba, da faifan ƙarfe a sama inda buta za ta zauna. Baba yana son kallon harshen wuta, kuma shayinsa ba ya sauka daga kan murhu. Na ɗora hannu a kai, na ce wannan.

Baba bai yi faɗa ba da muka shigo da shi. Da ma ya yi, da na fi samun nutsuwa. Yana zaune cikin bargo yana kallon Nadim yana huda bangon baya, ta wajen gonar tuffa, don fitar da ɗan bututun sabon murhun. Sannan Nadim ya hau rufi ya toshe tsohon bututun.

"Abin nan yana hayaƙi?" Baba ya tambaya.

"Ko kaɗan, Baba!" Nadim ya amsa yana washe baki. "Ɗan abin da zai fito ma ta baya zai bi, ba wanda zai gani."

Baba ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, tari ya sarƙe shi, ya fasa. Da aka fitar da sobiyar Mama zuwa rumfa, kauda kai ya yi.

Na koya masa dannawa, ya iya. Na sake koya masa, ya ce in daina mayar da shi yaro. Da la'asar Nadim ya ja ni gefe.

"Mu gwada yau. Ki kwana gidan Yaya Suhaila a Halba, gobe da safe in maido ki. In ya iya kwana ɗaya shi kaɗai, zai iya sauran."

"Yau-yau?"

"In ba yau ba, ba za ki taɓa yarda ba. Na san ki."

Baba ya ce in tafi. Na leƙa gidan Gwaggo Insaf, ƙanwar Baba da ke zaune a gangare ƙasa da mu, na ce mata zan kwana a gari. Ban tsaya bayanin murhu ba, sauri nake yi kada zuciyata ta canja.

Gidan yayar Nadim ba abin da ba a yi min ba, amma ni gangar jikina ce kawai a wurin. Ko ya zuba ƙwayoyin? Ko batir ya mutu? Ko ya manta ya jefa icce a ciki? Da sassafe na shirya ina tsaye a bakin ƙofa kafin Nadim ya iso. Mun kama hanyar ƙauye ke nan wayata ta yi ƙara.

Gwaggo Insaf ce, kuka take yi.

"Lamis... Lamis ki zo gida! Babu hayaƙi a gidanku! Mun buga, mun buga, ba ya amsawa... Innalillahi..."

Wayar ta yanke. Na kira, ta ƙi shiga. Hanyar dutse haka take, kana fara hawa sabis ke ɗaukewa.

"Me ta ce?"

"Ka ƙara gudu!"

"Lamis, ai murhun da ma ba ya..."

"Ba ya amsawa, Nadim! Sun buga ƙofa ba ya amsawa!"

Ƙanƙara ta kwanta a hanya, motar tana tafiya kamar da gangan take yi. Na ciji yatsa, na buga gaban motar, na yi addu'a, na bar addu'ar a tsakiya na juya kansa.

"Kai ka ce in tafi. Kai ka kawo abin nan gidanmu. Duk don ka raba ni da shi!"

"Ki yi haƙuri mu isa tukuna..."

"In wani abu ya same shi, kada ka ƙara kallona. Ko ma bai same shi ba, na fasa! Ka je ka gaya wa Ummanka ta nemo maka wadda ba ta da uba!"

Ya ƙura wa hanya ido yana tuƙi, ni kuma ban janye maganar ba.

Tun daga kwana na hango mutane cike da ƙofar gidanmu, maza a waje, mata da baƙaƙen mayafai. Ga takalmin Liman a bakin ƙofa, ga ƙofar kanta a ɓalle tana lilo. Na diro daga motar na nufi ƙofar ina tuntuɓe cikin ƙanƙara.

Sai na ji murya daga ciki.

"Ƙofar da ubana ya sassaƙa da hannunsa! Wane marar aikin yi ne ya sa mata kafaɗa?"

Ban san yadda aka yi na shiga ba. Baba yana zaune daram, ba bargo a jikinsa, butar shayi tana tafasa a kan sabon murhun. Na faɗa jikinsa ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Ke kuma fa? Ke ma makokin kika zo?"

"Me ya hana ka amsa su, Baba?"

"Barci nake yi! Na yi asuba na koma, ɗaki da ɗumi, ba tari. Rabon da in yi irin wannan barcin tun mahaifiyarki tana raye. Na kwanta a kan kunnena mai ji, sai farkawa na yi na ga Liman a kaina yana salati."

Wasu suka fashe da dariya. Gwaggo Insaf ba ta yi ba, ta dubi Baba tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kai dariya kake gani, Abu Ziyad. Kullum kafin in wanke fuska bututunka nake fara dubawa. Ba ni kaɗai ba, duk gangaren nan. Yau na duba ba komai, ga yarinya ba ta nan. Me kake so in ce?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. A ƙauyenmu ba a tambayar tsoho ya ya kwana da hunturu, rufinsa ake kallo. Gidan da ya wayi gari ba hayaƙi, a guje ake zuwa. Ni ma haka nake duba rufin Gwaggo kowace safiya, amma ko sau ɗaya ban tuna ba a shagon nan, ina can ina tambayar toka.

"Abin da ka so faɗa jiya ke nan," na ce a hankali.

Baba ya sunkuyar da kai. "Ba sanyi nake tsoro ba, ƴata. Tsorona in mutu a ɗakin nan in kwana biyu ba wanda ya sani. Amma in na faɗa, ba za ki tafi ba. Na riga na cinye miki shekaru."

"Kwana biyu?" Gwaggo ta daka masa tsawa. "Ko shayi ba ka sha ba muka ɓalle maka ƙofa! Tun da injinka ba ya magana, mabuɗi za ka ba ni. Kullum da safe da ƙafata zan hau in gan ka."

"Ranar da gwiwarta ta ƙi, ni zan zo," in ji maƙwabcinmu Abu Hani. "Da ma ɗakina ba ɗumi."

"Shi ke nan, na shiga uku," Baba ya ce, amma idonsa ya cika da ruwa. Ya daɗe yana kallon mutanen da suka cika masa ɗaki, wasu ko takalmi ba su tsaya sawa daidai ba. Can ya gyara zama.

"Liman, tun da ka fito da shirin sallar gawa ba ka samu ba, kada tafiyarka ta tashi a banza. Ga shaidu, ga waliyyi, sadaki an daɗe da yankewa. Ina yaron nan?"

Nadim yana waje, ya durƙusa yana ƙoƙarin mayar da ƙofar a mazauninta. Aka shigo da shi. Ya gaida Baba, ya gaida Liman, bai kalli inda nake ba.

"Ka kira Ummanka ta ji da kunnenta," Baba ya ce. "Yau zan ba ka ita."

"A tambaye ta tukuna, Baba." Nadim ya dubi ƙasa. "Ɗazu a mota ta sallame ni."

Duk idanu suka dawo kaina, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a hanya, don wannan ni na jawo shi da bakina.

"Nadim..."

Bai ɗago ba.

"Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Ka jira ni lokacin da kowa ya ce ka tafi. Ka hau rufi cikin sanyi saboda ubana ya yi numfashi. Ni kuma na saka maka da mugun baki." Hawaye suka hana ni gani. "Ka yafe min, hasken idona. Ban fasa ba. Ko kai ka fasa, ni ban fasa ba!"

"A gaban Liman take cewa hasken idona," Gwaggo ta raɗa, yadda kowa zai ji.

Nadim ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma bakinsa ya fara motsi.

"Ba sai an tsinke tuffa ba?"

"Yanzu," na ce. "Kafin Baba ya sha shayinsa."

Mata suka ɗauki guɗa da mayafan makoki a kansu. Liman ya ce su haɗa hannu, Baba ya ɗora nasa a cikin na Nadim, ya riƙe gam, ya daɗe bai saki ba.

"Ka tafi da ita, ɗana," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Ta ji sanyi a gidan nan ya isa."