Littattafan Abba, Hannun Inna

Kun karanta su, kada wanda ya ce bai karanta ba. Littattafan nan tara na binciken kisa, da kuka riƙa ɓoyewa a ƙarƙashin tebur a aji, kuna rige-rigen gano mai laifi kafin shafin ƙarshe. Kun iya gano wanda ya zuba guba a shayi. Amma da marubucin ya daina rubutu cak a shekarar da matar da ke buga masa tafireta ta rasu, babu wanda ya ce uffan. Kun gani sarai, kau da kai kuka yi. Autarsa ma haka ta yi, har shekara goma sha ɗaya.

"Wai kai wane irin mai ɗinkin littafi ne?" Auta ta dire littafin a kan teburin shagon. "Dubi! Jiya-jiya ka ba ni, har bangon ya ɗago!"

Mai-zare bai ko ɗaga kai daga allurarsa ba. Ita ta laƙaba masa sunan, shi kuma ya rama da Ranki-ya-daɗe.

"Na ce a bar gam ya sha iska kwana biyu. Amma Ranki-ya-daɗe ba ta iya jira ba."

"Sati ɗaya ya rage a yi taron karrama Abba! Shekara talatin da fitowar littafinsa na farko, kuma waɗannan za a jera a gaban baƙi..."

"Abban da ya ce ni ba sa'anki ba ne?"

Ta kau da kai. A ɗakin baya na gidan su Auta Mai-zare ya tashi, ɗakin da mahaifiyarsa ke wuni tana buga tafireta. Da ta rasu kawunsa ya ɗauke shi ya koya masa sana'a. Sai bara suka sake haɗuwa, da ta kawo kundin digirinta a ɗinke mata. Ta karɓi kundin, amma ba ta daina zuwa ba.

"Yi haƙuri, masoyiya," ya ce a hankali. "Kawo in gyara."

Ba ta miƙa ba. Inda bangon ya ɗago, ta hango wata takarda da aka liƙa daga ciki, cike da rubutun hannu, ƙanana, a kwance.

"Wannan fa?"

"Ciko ne. Tsohuwar takarda muke liƙawa a cikin bango, ta fi sabuwa kama gam. Tawa ce ta ƙare, na ɗebo a akwatin Inna."

"Ka taɓa karanta su?"

"Me zan karanta? Kwafin aikin maigida ne. Ni littattafan nan ban taɓa son su ba, su suka cinye mini idon uwa."

Auta ta sa farce ta ɓamɓare takardar. Ta san shafin, ta hardace shi tun tana 'yar aji uku: ƙarshen littafi na huɗu ne, inda ɗan sanda ke nuna direban gidan ya ce shi ne ya yi kisan. Amma a nan ba direba aka fara rubutawa ba. An rubuta *ɗan maigida*, aka soke da jan biro. A gefe kuma, da hannun nan dai, an ƙara layi biyu:

*Ya ce ɗan manya ba ya zama mai laifi, masu saye ba za su so ba. In ɗora wa direba. Allah ya yafe mini, na ɗora.*

Auta ta sauke takardar. Ta zauna a kan tarin kwali.

"Ɗauko akwatin."

"Lafiya?"

"Don Allah ɗauko!"

Har la'asar suna zazzage takardu. Ga inda ta gwada wa labari ƙarshe uku ta zaɓi ɗaya. Ga zanen gida da ta yi don ta san ta wace ƙofa mai laifi zai fita. A bayan wani shafi akwai zanen mota mai taya biyar.

"Ni na zana wannan," in ji Mai-zare. "A kan cinyarta nake... Na ɗauka kwafa take yi."

"Mai kwafa ba ya canza wanda ya yi kisa," in ji Auta.

Washegari da hantsi ta sami Abba a ɗakin karatunsa, yana bitar jawabin da zai yi. Lambobin yabo sun cika bango. Tafiretar tana can lungu, an lulluɓe ta da ƙyalle.

"Autata! Zo ki ji wannan sakin layin."

Ta ajiye takardar a kan jawabin. Ya duba, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"A ina kika samo wannan?"

"Abba, wa ya rubuta littattafan?"

"Shifta nake yi mata. Ina faɗa, tana rubutawa."

"Kai ka yi mata shiftar *Allah ya yafe mini*?"

"Auta!"

"Shekara goma sha ɗaya ba ka rubuta ko shafi ɗaya ba. Ka ce mana ciwon ido ne."

Mama ta shigo da faranti, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta tambayi abin da ake magana a kai ba, kuma daga nan Auta ta gane cewa ta sani.

"Ke yarinya ce," in ji Abba, ya sassauta murya. "Matar nan ta zo mana da goyo, ba miji, ba takardar makaranta. Wa zai buga littafin irinta a lokacin? Ni na ba ta ɗaki. Ni na kai rubutun inda za a karanta shi. Ba don sunana ba da yanzu gara ta cinye shi!"

"To me ya hana ka faɗa daga baya?"

"Mun rufa mata asiri," Mama ta sa baki. "Ba ta taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba."

"Mama, asirin wa aka rufa?"

Mama ta ajiye farantin. Can Abba ya turo takardar gefe da ɗan yatsa.

"Yaron nan... har yanzu kina son sa?"

"Fiye da jiya."

"To na amince. Ya turo kawunsa. Amma akwatin nan a kawo mini shi, maganar kuma ta mutu a ɗakin nan."

Wata goma tana roƙon wannan kalma. Ta yi kuka a kanta, ta daina cin abinci a kanta. Ga ta yau an miƙo mata. Ta juya ta fita.

Da ta gaya wa Mai-zare, ya daɗe yana murza zare a yatsa.

"Ki karɓa," ya ce.

"Me ka ce?"

"Inna ta tafi, rabin raina. Ke ce a gabana. In na rasa ki, me takarda za ta yi mini?"

"Au, haka? In shigo gidanka a matsayin toshiyar baki? Kullum in na kalle ka in tuna da abin da aka saye mu da shi?"

"Mahaifinki ne fa..."

"Na sani! Ina son sa, wallahi ina son sa. Shi ya koya mini karatu, da littafin mahaifiyarka a hannunsa!" Hawaye ya ɓalle mata, ta share da bayan hannu. "Ta ɗora wa direba don ba ta da inda za ta kai ka. Ni ina da digiri, ina da aiki, ina da baki. Wane uzuri zan kawo?"

Ya kalle ta, ya kalli akwatin.

"Taurin kanki zai kashe ni."

"Za ka zo taron?"

"Ina da zaɓi ne, Ranki-ya-daɗe?"

Ranar taron, kafin su fita, ta durƙusa a gaban Abba.

"Na fi son a ji daga bakinka. In ka faɗa, ni ce farkon mai tafa maka. In ba ka faɗa ba, zan faɗa."

"Ba za ki iya ba."

Zauren ya cika maƙil. Abba ya yi jawabinsa, ya gode wa iyalinsa, ya gode wa masu karatu, har mai kawo masa jarida ya gode wa. Aka kira Auta ta karanta shafi ɗaya daga littafi na huɗu. Ta hau dandamali. Ta hango Mai-zare a layin ƙarshe, tsaye, rungume da akwatin.

Ta karanta ƙarshen labarin yadda aka fara rubuta shi. Ta karanta layi biyun nan na gefe. Sannan ta faɗi wadda ta rubuta, da ɗakin da ta rubuta a ciki.

Kuna tsammanin an tafa? Wani ya sa hannu ya kashe lasifika. Wata mata a layin gaba ta ce, "Haba, 'yar nan ba ta da kunya!" Yayan Auta ya miƙe ya ja hannun Mama suka fice. Sauran suka sunkuya suna duba wayoyinsu, wasunku ma suna wurin. Abba bai motsa ba. Takardar da ke hannunta kawai yake kallo.

Auta ta koma gidan gwaggonta. Sati shida babu kira, babu saƙo. Takan tura wa Abba gaisuwa kowace safiya, ta ga an buɗe, ba a amsa ba.

Ranar wata Talata tana shagon tana taya Mai-zare yankan kwali, sai inuwa ta tare ƙofa. Abba ne, shi kaɗai, ba direba. Ya rame. Littattafai tara ne a hannunsa, ɗaure da igiya.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Mai-zare, ya miƙe da sauri yana share kujera.

Abba bai zauna ba. Ya ajiye littattafan a kan tebur.

"Na gwada rubuta wasiƙar ban haƙuri," ya ce. "Sati shida... ko ita ban iya ba." Ya dubi Mai-zare. "Ɗana, cire musu bangon nan. Ka yi sabo. Ka san abin da za ka rubuta a kai. Na je wurin masu bugawa ma, na sa hannu a canza sunan."

"Abba..." in ji Auta.

"Kada ki gode mini. Ban yafe miki zauren nan ba tukuna." Ya juya ga Mai-zare. "Kawun naka yana nan? Ka ce masa ya zo. Akwatin kuma ka riƙe abinka."

Ta faɗa jikin Abba tana kuka. Ya daɗe hannunsa a sake, sannan ya ɗora shi a kanta.

An yi auren ba taro. Yayanta bai zo ba, har yau ba ya ɗaga wayarta. Littattafan tara suna kan kanta a falonsu, kuma wannan karon ta bar gam ya sha iska kwana biyu.

Saura ku. Tsohon bugun yana nan a gidajenku, na sani. Ku ɗauko shi yau, ku sa biro ku soke abin da ke kan bangon, ku rubuta gaskiya. In kun gama, ku leƙa ɗakin baya na gidanku da teburin bakin ƙofa na ofishinku, ku duba aikin wa kuke sa wa hannu. Ku faɗa da bakinku tun mai aikin na da rai, kada ku bari sai 'ya'yanku sun ɓamɓare bango.