Kujerar Bakin Rumfa

"Ummu, don Allah ki gaya masa... yau ɗin nan!"

Ummusalama ta sauke kwanon abincin da ta kawo wa mahaifinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A bayan assara suke tsaye, wato matatsar man riɗin Hajiya Larai da ke gefen kasuwar Gadarif, inda raƙumi ke zagaya turmi tun safe har la'asar.

"Ni? Haba Yaya Kassim! Da wane bakin zan ce wa Baba idonsa ya raunana?"

"Ni kuma da wane, habibti, masoyiyata? Jiya saura ƙiris taɓarya ta kama hannunsa."

Shekara talatin mahaifinta Sharu ya yi a bakin turmin nan yana tura riɗi da hannu. Kassim kuwa bara Hajiya ta naɗa shi wakili, bana aka karɓi goronsa na neman auren Ummusalama. Tun ranar bai sake haɗa ido da tsohon ba. In Sharu ya shigo ta gabas, shi ya sulale ta yamma, duk maganar aiki sai a ba Mudi mai kora raƙumi ya kai. Mutanen unguwa har yabo suke, wai yaro mai kunya.

"Na sa an sassaƙa masa kujera," in ji Kassim. "Ya zauna a rumfa cikin inuwa yana auna wa mutane mai. Ke dai ki faɗa masa dalili kafin saƙon ya iso."

"To... insha Allahu."

Da yamma sau uku tana kai wa Baba jabana, wato gahawa, sau uku tana buɗe baki tana fasawa. Yarinya ta ambaci saurayinta a gaban uba? Ta ce a ranta, bari dai gobe.

Goben kuwa ta riga ta. Shi Mudi, Allah Ya yi shi da gajeren zance, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce wa Sharu, "Wakili ya ce daga yau ka bar turmi."

Tana isowa da abinci ta tarar raƙumi ya tsaya, ma'aikata sun yi cirko-cirko.

"Mudi, tambaye shi!" in ji Sharu. "Mai na ɓata ko riɗi na sata?"

Kassim na durƙushe, kansa a ƙasa.

"Ka ce masa tun ba a haife shi ba nake wannan aiki! Don na ba shi 'ya shi ne zai mai da ni tsohon buhu?"

"Baba, ku yi haƙuri..." Iyakar abin da ya fito daga bakin Kassim ke nan. Ina zai iya tona raunin surukinsa a gaban jama'a?

Sai ya ɗago ya dube ta. Kallo ɗaya tak, na roƙo. Ita kuwa, kaico, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Kalas, magana ta ƙare!" in ji Sharu. "Wanda ya raina ni a wurin aiki ba zai girmama ni a gida ba."

Kafin Juma'a an mayar da kayan aure. Kassim ya ajiye wa Hajiya makullanta. A tashar lori ta same shi, Goggonta na tsaye nesa kaɗan tana gadi.

"Gallabat zan tafi, can bakin iyaka," in ji shi.

"Yaya, ka tsaya... zan faɗa masa, wallahi zan faɗa!"

"Yanzu in kin faɗa cewa zai yi ni na kitsa miki." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Malesh, ba komai, Ummuna. Ni ma ai ina da baki, ban yi amfani da shi ba."

Sharu ya koma turminsa, ita kuma ta ci gaba da jiran ranar da zai huce. Wata huɗu ke nan, ranar wata Talata, aka shigo da shi gida ranga-ranga, hannun dama naɗe da rawani. Yatsu uku suka tafi.

Tana wanke masa ciwon wata safiya ya ce a hankali, "Ban ga taɓaryar ba, Ummu. Na daɗe ba na ganinta sosai. Yaron nan ya sani, ko?"

"Ya sani, Baba."

"Ke fa?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Ni ya aiko in gaya muku... kunya na ji."

"La ilaha illallahu! Kalma ɗaya fa, 'yar nan. Ni ma da na kira shi gefe na tambaya..."

A ranar ya tashi Mudi zuwa Gallabat ya nemo Kassim. Bayan kwana biyar Mudi ya dawo, wannan karon har gajeren zancen ya gagare shi, sai da aka matsa.

"Yana gaishe ku. An ɗaura masa aure watan jiya."

Ummusalama ta shige ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe, ba ta kuma ga wanda za ta ɗora wa laifi ba sai kanta.

Har yau ita ke kai abincin rana assara. Kullum a bakin rumfa take samun Baba, cikin inuwa, yana auna mai da hannun hagu, zaune a kan kujerar da Kassim ya sa aka sassaƙa masa.