Koren Ɗigo a Gefen Sunansa

Rana ta kusa faɗuwa na koma asibiti don ƙarasa aiki ɗaya. Ni ce mai karɓar marasa lafiya a ɗan asibitin garinmu, yamma da Tennant Creek. Ƙanena shi ne direban motar asibitin, har ranar da ta kife da shi a kan jar hanya. Mun yi makoki, an turare ɗakunan da hayaƙin ganye, an sauke hotonsa daga bango. Tun ranar sunansa ya bar bakinmu. Kumanjayi muke cewa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi, don kada kira ya juyo da shi daga hanyarsa.

Kwamfuta ce kawai ba ta san doka ba. Na buɗe tikiti, wato takardar neman gyara, a shafin masu gyaran kwamfuta na birnin Darwin, na roƙi su goge sunan. Suka goge shi daga imel, suka ce idan da saura in ƙara bayani a tikitin. Akwai saura kuwa: allon ɗakin jira, mai nuna direban kowace rana. Na taɓa rufe shi da rigar matashin kai, nas ta cire, ta ce da shi ake kiran layi. Ga shi da safe mahaifiyarmu za ta zo awon suga, kuma kujerarta allon take kallo.

Na rubuta, na danna adana. Jan rubutu ya fito: ba a iya sabunta wannan buƙata ba. Na sake. Haka dai.

Na kira lambarsu. Marivic ce ta ɗauka, wadda ta saba da ni saboda yawan manta kalmar sirri da nake yi.

"Anti Merlene, kin sake kulle kanki a waje ke nan?"

Na ce mata yau injinsu ne ya tsufa, ba ni ba. Ta sa na fita na sake shiga, na share tarkacen burauzar da nake shiga intanet da ita, na koma kwamfutar nas. Jan rubutun ya bi ni can. Ina jin ta tana buga madannai tana tauna cingam, can ta ce ta gano. Tikitin yana ɗaure da akawun ɗin da ƙanena yake shiga kwamfuta da shi, an kuwa rufe akawun ɗin, shi ya sa ya ƙi karɓar komai. Maganin ba wuya, in ji ta. Za ta buɗe shi na ɗan lokaci, in adana, ta sake rufewa.

Raina bai so ba. Amma na ce ta buɗe.

Karnukan da ke kwance a baranda suka tashi suka tafi, babu wanda ya yi haushi. Firjin allurai ya daina gurnani. Warin maganin goge ƙasa ya janye, wani ya shigo: dizal, da taya da ta ƙone.

A gefen sunansa a kwamfutar, ɗigon da ke nuna mutum yana kan aiki, wanda ya dushe tun rasuwarsa, ya koma kore.

Na danna adana. Saƙon ya canja: wani yana gyara wannan buƙata yanzu.

"Ke ce?" na tambaya a hankali.

"Hannuna ba ya kan komai, Anti." Ta daina tauna.

Rubutu ya fara fitowa a ƙasan tikitin, harafi bayan harafi. *Yaya, an goge ni. Wane ne ni?*

A waje, ƙofar mota ta rufu. Babu mota a filin, sabuwar motar asibitin ba ta iso ba. Sai taku a kan tsakuwa. Ƙafa ɗaya tana ɗan ja, irin tafiyarsa.

*Kira ni in shigo.*

Ni na goye shi. Sunan ya taso har maƙogwarona, na ji shi a kan harshena. Sai na tuna shekarar da mahaifinmu ya rasu, ƙanena ne ya bi gida-gida yana ja wa yara kunne kada su ambaci sunan mamacin. Wanda ya yi haka ba zai tsaya a ƙofa yana roƙon sunansa ba.

Na miƙe da wayar a hannu, na sa kafaɗa na danne ƙofar.

"Kai ba nawa ba ne," na ce. "Nawa ya san doka. Ka tsinci warinsa da takunsa a bakin hanya, ka zo neman sauran a wurina. Ba za ka samu ba."

Mariƙin ƙofar ya fara sauka.

Marivic ta raɗa cewa za ta iya rufe akawun ɗin da ƙarfi, amma ƙa'idarsu sai ta karanto sunan na tabbatar. Na ji ta ja numfashi.

"Rufe bakinki, 'yata. Ki duba da ido, ki danna da hannu."

"Ana naɗar kiran, Anti. Za a tuhume ni."

"Ki ce tsohuwar nan ce ta hana. Su zo su same ni."

Ƙofar ta buɗe faɗin yatsa. Sanyi ya zubo a wuyana.

Wani abu yana numfashi dab da kunnena. Yana jira.

Na cije leɓena har na ji gishirin jini.

A waya na ji Marivic ta danna madanni, nauyin da ke tura ƙofar ya ɗauke lokaci ɗaya. Ƙofar ta rufu, na zube a ƙasa. Firjin ya ci gaba da gurnaninsa.

Marivic ta buɗe sabon tikiti da sunana, kafin duhu ya rufa ta share gurbin direba daga allon. Da safe mahaifiyarmu ta zo, ta zauna, ta yi ta mitar sanyin ɗakin har aka kira ta.

Bayan 'yan makonni Marivic ta kira ni, ba don kalmar sirri ba. Ta ce wasu yammaci, dab da tashi aiki, wani mutum yana kiran teburinta daga layin da ba ya nuna lamba, yana cewa an kulle shi a waje. Idan ta tambayi sunansa sai ya ce ai ta sani, ita ta faɗa. Ta tambaye ni abin da za ta yi.

Na ce ta gaya masa an rufe tikitin, ta ajiye waya, ta ci gaba da cin cingam ɗinta.