Daga Ina Kike?

"Sake gwadawa, Gajeruwa. ¿De dónde eres? Wato daga ina kike?"

Ta jingina wayar da kwalbar maganin Baba, ta gyara zama. Shekara biyu ke nan mijinta yana aikin walda a wata tashar jiragen ruwa, can inda ake Sifaniyanci. Kullum in ta taso daga kantin maganin da take aiki, sai ya kira ta ta bidiyo ya koya mata jimla ɗaya, kafin takardun tafiyarta su fito.

"Soy de..." ta ce, ta ƙarasa da sunan garinsu.

"Yawwa. Saura ki daina jan 'de' ɗin nan kamar mai kiran akuya."

Ta yi dariya. "To malam, kai fa? ¿De dónde eres?"

Ko tunani bai tsaya yi ba, ya ambaci garin da yake aiki, ba garinsu ba.

Dariyar ta maƙale mata.

"Bakina ne ya saba, masoyiya..."

"Na ji."

Takardun sun fito tun makon jiya, suna cikin jakarta, ta kasa faɗa masa. Tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci, kuma ita kaɗai ke gane maganarsa.

"Takardun sun fito," ta ce a hankali. "Amma... ba zan iya barin Baba ba."

A bayansa tana hango sabon labule ruwan toka, irin wanda ta taɓa cewa tana so.

"Na sani. Ni ma masu ba da takardun sun turo min saƙo. Jira nake ki faɗa da bakinki."

"Ka yi fushi?"

"Kewarki ce dai take cina." Ya share fuska da tafin hannu. "Saura wata goma sha ɗaya kwangilar aikina ta ƙare. Ba zan sabunta ba."

"Ka fa sha wuya kafin ka samu aikin nan."

"Na sha."

Daga ɗaki Baba ya buga cokali a jikin kofi, alamar yana kiranta.

"Kar ki kashe. Kai ni in gaishe shi."

Ta shiga, ta durƙusa a gefen gadon, ta riƙe wa Baba wayar. Tsohon ya ƙura wa surukinsa ido, ya yi ta fama da harshensa har maganar ta fito a karkace.

"Me ya ce?"

Ta juyo da wayar wajenta.

"Ya ce ka rame. Wai wa yake dafa maka?"